Mai Kashe Mini Modul Bayan Asuba

Shekarar da na ajiye koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ita ce shekarar da bakina ya jawo mini aikin da ya kusa zautar da ni. Ni mai cin kifi ce, duk sati sai na leƙa kasuwar kifi ta Haɗeja, kuma duk zuwan da zan yi sai raina ya ɓaci. Tsofaffin mata ne za su rako bandarsu daga ƙauyukan Kirikasamma, tun kafin su sauko daga mota dillalai sun yanyame su. A zazzage tarwaɗar wannan a kan ta waccan, mai kyau da marar kyau su zama abu ɗaya, a sallame su da abin da aka ga dama. Ran nan na kasa haƙuri, na tsaya a gabansu na ce ai ana buɗe shago a intanet, mutumin Abuja ko Kaduna ya yi oda daga wayarsa, a ɗaure masa kwali a kai tasha. Babbarsu, wata tsohuwa mai kaifin ido, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Malama, buɗe mana mu gani." Ina da damar in ce wasa nake yi, amma ban ce ba.

Shagon ba daga tushe na gina shi ba. Akwai manhajojin kasuwanci da wasu suka riga suka gina, kai dai ka ɗora a kan saba, wato babbar kwamfutar haya da ba a kashe ta dare da rana, ka zuba hotunan kayanka da farashi. Tamu a wajen wani kamfani a Kano muka kama ta. Wanda ya yi zirga-zirgar kamawar, kuma yake kai kwalaye tasha, surukina ne. Tsohuwar nan ma goggonsa ce, yayar mahaifinsa, kuma na san albarkacinsa ne ta yarda ta ba mu kifinta, sauran matan suka bi bayanta.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba, don rabona da faɗarsa tun ranar ɗaurin aure. Mijin 'yata ta fari ne, ita ma ba na kiran sunanta, ita kuma Yaya take ce mini yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Amma kafin ya zama suruki ɗalibina ne, a ajin yamma da nake yi wa manya a zauren gidanmu. Ɗan garin Malam Madori ne, cikin Fulanin da suka daɗe da zama gari. A ajin nan babu mai gardama irinsa. Ina tsaka da rubutu a allo zai ɗaga hannu ya ce, "Malama, nan fa akwai gyara." In hau shi da faɗa, in shiga ciki in duba, in tarar sau da yawa gaskiyarsa ce. Lokacin da ya nemi yarinyar mahaifinta ya riga ya rasu, baffanninta suka yi ta jan ƙafa wai ba su san gidansu ba. Ni na kafe. Na ce na san shi, in wani abu ya biyo baya ni za a tuhuma.

Ana shafa fatiha aka canza mini mutum. Tun daga zaure yake cire takalmi, ya zo bayan labulen ɗakina ya durƙusa, ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya tashi ya fita. In muka yi kiciɓis a hanya sai ya sha kwana. Ruwan gidana ma ba ya sha in ya san ina kusa. Maganar aiki kuwa ta bakin matarsa take bi: "Yaya, wai ya ce kwalaye sun tafi." Ni ma in ce, "Ki ce masa an gode." Haka muke tafiyar da shago guda ni da shi, kowa da makullinsa na shiga saba, ba mai kallon idon wani.

Abin da ya dame ni da manhajar, kaya ta sani, ba ta san mai kaya ba. Tarwaɗa a wajenta tarwaɗa ce, ko wa ya ƙyafe ta, wato dai irin abin da dillalai suke yi. Ni kuwa so nake kowace mace ta samu kusurwarta: sunanta, ƙauyensu, irin kifinta, da yawan kwalayen da take da su, lambar tana raguwa in an saya. Wanda ya ci na tsohuwa ya ji daɗi, ya dawo ya nemi nata. Sai na zauna na rubuta modul, wato ƙarin da mutum yake rubutawa da hannunsa ya liƙa wa manhaja don ta yi abin da ba ta zo da shi ba.

Modul kuwa ba ya aiki don kawai ka ajiye shi a ciki, sai an yi masa rajista. Akwai ɗan fayil da yake gabatar da shi ga manhajar, akwai wani da yake faɗin bayan wa zai tsaya in ana tayar da su. Sannan akwai babban fayil guda inda manhajar take jera duk modul ɗin da ta sani, kowanne da lamba a gabansa: ɗaya yana aiki, sifili an kashe shi. Na yi duk wannan, na ba da umarnin sabuntawa, na buɗe shagon a wayata. Ga tsohuwa, ga ƙauyensu, ga kwalayenta, ga sauran matan reras a ƙarƙashinta. Har guɗa na yi ni kaɗai a ɗaki.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wata rana da hantsi na buɗe shagon na ga kusurwoyin sun ɓace, kifi ya koma tuli guda ba sunan kowa. Na ce ikon Allah! Da farko kaina na zarga, abin da ba kasafai nake yi ba. Na bi fayilolin rajistar layi-layi, lafiyarsu ƙalau. Na duba ko jakar modul ɗin tana inda ya kamata, tana nan. Na duba izinin karanta fayilolin, daidai yake. Na share abin da manhajar take haddacewa don sauri, ko tsohon shafi take nuna mini, nan ma shiru. Sai da rana ta yi tsaka na buɗe babban fayil ɗin, na gangara kan modul ɗina. Sifili. Na mayar da shi ɗaya, na sabunta, komai ya dawo. Na ce wataƙila hannuna ne ya goga, na bar zancen.

Washegari sifili. Na mayar, gari ya sake wayewa, sifili.

Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na shiga zauren da masu amfani da manhajar suke taimakon juna a intanet, na zayyana matsalar. Wani ya ce in duba ko akwai aikin da aka sa wa lokaci yana maido da tsohon fayil. Na duba, babu. Wani ya ce wataƙila wani modul ne yake rigima da nawa. Na yi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya har shagon ya kusa tsayawa, ban ga mai rigimar ba. Na kira kamfanin Kano, wata mai sanyin murya ta ce, "Hajiya, mu ba ma taɓa fayil ɗin kwastoma." Na ce to aljanu ne suke taɓawa? Ta ce in yi haƙuri. Na kashe wayar ban yarda da ita ba, sanyin muryar ma bai kwanta mini ba. Daga nan zargina ya koma kan dillalai. Su muka tsone wa ido, kuma ɗaukar ɗan kutse a zamanin nan bai fi ƙarfinsu ba. Na canza duk kalmomin sirrina, har na wayata. Maƙwabciyata in ta shigo aron turmi sai in rufe kwamfutar, baiwar Allah da ko kunna ta ba ta iya ba. Duk da haka gari yana wayewa lambar ta koma sifili.

Abin da ya kamata in fara dubawa shi na bari ƙarshe, kuma na san dalili, zuciyata ce ba ta so. Saba tana ajiye tarihin duk wanda ya shiga, da makullin da ya shiga da shi, da abin da ya yi. Makullan kuwa biyu ne kacal, nawa da na surukina. Na buɗe tarihin, na karanta, na sake karantawa. Kullum bayan sallar asuba, daidai lokacin da mutum zai taka daga masallaci zuwa gida, makullinsa yana shiga. Ya ba da umarnin kashe modul ɗin, ya share haddar manhajar don kada shagon ya rikice, ya fita. Tsaf-tsaf, yadda na koya masa a zauren gidan nan. Ko sawunsa bai damu ya goge ba, alhali ya iya. Na ce kai, wannan raini har ina?

Wallahi ba shagon nake tunani ba, shago in ya rushe ai sai a gina wani. Abin da ya fi damuna shi ne, mutumin da zai durƙusa mini da yamma ya yi mini zagon ƙasa da asuba, me yake yi wa 'yata da ba na gani? Ni na tsaya masa a gaban baffanninta. Ga ta da tsohon ciki. In macuci na ba wa yarinyar nan, to da hannuna na ba shi, ba wanda zan ɗora wa.

Da na idar da sallar asuba washegari ban tashi daga kan darduma ba, na jawo kwamfutar na yi masa kwanton ɓauna. Can sai ga makullinsa ya shigo saba. A kan idona ɗaya ta koma sifili. Na mayar da ita ɗaya nan take, don ya san ina nan, ina ganinsa. Ya tsaya cak, na ɗan lokaci bai yi komai ba. Sannan ya fice. Na ce ɓarawo ya ji motsin mai gida. Amma ina! Kwana ya zagayo, ya ɗan jinkirta har na shiga kicin, ya shiga ya kashe abinsa.

Tun daga nan komai nasa ya canza mini kama. Ya aiko da sabuwar shinkafa daga fadama, na ce toshiyar baki ce. Ya daɗe a durƙushe, na ce nazarina yake yi. Ya gajarta gaisuwa, na ce rashin gaskiya ce take cin sa. Sai kuma ranar kasuwa na hango shi a bayan rumfa da babban dillalin nan, wanda ya fi kowa jin haushin shagonmu. Sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, a gabansu ga kwalaye an lulluɓe da buhu, dillalin har dafa masa kafaɗa yake yi. Da ya ɗago muka haɗa ido, sai ya yi wuf ya shige cikin mutane. Ya saba yin haka tun da ya zama suruki, amma ranar ban kira shi kunya ba. Na koma gida ko kifin ban saya ba.

Na gwada bugun cikin yarinyar ranar da ta zo wuni. Na ce, "Wai shi in ya dawo daga masallaci komawa barci yake yi?" Ta dube ni da mamaki, don ban taɓa tambayarta ko me yake ci ba. Ta ce, "Yana ɗan taɓa kwamfutarsa, sannan ya sha kunu. Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, bai ce miki komai a kan shagon ba? Ta ce, "Ya ce yana tafiya daidai." Daidai! Na ƙura wa fuskarta ido ina neman alamar kuka ko rama, ban ga komai ba sai ƙibar masu ciki, na ce to ita ma ta koyi ɓoyewa.

Za a ce me ya hana in tambaye shi. Na yi niyya. Ranar Juma'a ya zo ya durƙusa, ina ganin inuwarsa a jikin labule. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa aji guda da murya ɗaya, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya aiki?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Umma." Na ce, "Shagon fa?" Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi." Na ce Allah Ya yi albarka, bakina yana ɗaci. Uwar mata ba ta titsiye mijin 'yarta, ba haka aka tarbiyyantar da ni ba, ko da kuwa ina tafasa.

Da na kasa da baki sai na koma kan kwamfuta, na soke makullinsa daga saba. Na kuma aika wa babban baffan yarinyar cewa in ta zo gida haihuwa, akwai maganar da za mu zauna a kai kafin ta koma ɗakinta. A raina na riga na yanke ba za ta koma ba sai na san da wa take zaune. Gari ya waye lamba tana ɗaya, kuma haka ta ci gaba da zama ba ta sake motsi ba. Shi kuwa bai aiko ya ce an rufe masa ƙofa ba. Ya ci gaba da kai kwalaye tasha, ya ci gaba da zuwa gaisuwa. Shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali, don a ganina mai gaskiya da ya tambaya.

Sai kifi ya daina zuwa. Tsohuwa ce ta fara aikowa a kwaso mata wanda ke ɗakin ajiyarmu, ba ta faɗi dalili ba. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce biki gare ta, waccan ta ce ruwa ya tare hanya. Ga oda tana shigowa, ga kusurwoyi ba kaya. Na ce shi ke nan, an rufe masa nan ya ɓullo ta can, ya zuga goggonsa. Na yafa mayafina na nufi tasha, ban gaya wa kowa ba.

Mota ta kai ni Kirikasamma, babur ya ɗauke ni har inda hanya ta nutse, don ruwan damina bai gama janyewa ba. Sauran tafiyar a kwale-kwale aka yi ta, ta tsakanin ciyawar kacala, can wajejen Baturiya. Duk tsawon hanyar ina shirya abin da zan faɗa, ina ƙara masa gishiri. Na tarar da tsohuwa a bayan gida tana juya karfasa a kan ragar waya, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Muka gaisa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma aka kawo fura, ban ko kalle ta ba. Na ce, "Iya, wa ya ce ku janye kifinku?"

Ta ci gaba da juya kifinta. Ta ce, "Malama, ni ba yarinya ba ce da za a ce mini. Ke zan tambaya. Da kika ce in gaya miki yawan kayana, na gaya miki ne don ke ce mai sayarwa. Wa ya ce ki hau kan duniya ki yi shela?"

Na ce wace shela kuma? Sai ta ba ni labari. A wajen wani suna, cikin taron mata, wata amarya mai babbar waya ta buɗe shagon, ta karanta sunan tsohuwa da yawan kwalayenta da ƙarfi, kowa yana ji. Aka yi ta cewa, ashe Iya haka kike? Tun daga ranar waɗanda ba su taɓa taka ƙofarta ba suka fara zuwa gaisuwa, kowa da buƙatarsa. Ba a jima ba ƙwari suka shiga tarwaɗarta mafi kyau, suka mayar da ita gari. Ta ce, "Baki ne, Malama. Mijina, Allah Ya jiƙansa, har ya bar duniya bai san yawan kifin da ke ɗakina ba. Ba a faɗa. Ko mai shanu kika tambaya nawa ne, cewa zai yi suna nan dai."

Na ce, "Haba Iya, laimar damina ce ta kawo ƙwari, ba bakin kowa ba." Ta ce, "Ke kika sani." Na ce to in ma haka ne, me ya hana ku gaya mini? Nan ta bar kifin ta juyo ta dube ni, har da dariya. "Ke? Wa zai tunkare ki? Kafin mutum ya rufe baki kin wanke shi tas. Yanzu ma ga shi kin fara." Matan da suka taru a bakin zana suka ƙyalƙyale, ni kuwa na sha mur.

Ta ce ɗan ƙanenta ta kira, wato surukin nawa. "Na ce masa in na isa da shi, ya cire sunana da kayana daga idon mutane. Ya ce aikin Umma ne. Na ce to je ka gaya mata. Sai ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa, sai ka ce cewa na yi ya je ya mare ki. Na ce ɗaya za ka yi, ko ka faɗa ko ka cire." Shi ne ya koma cirewa kullum da asuba, ni ina mayarwa da hantsi, matan suna ganin abin yana ɓacewa yana dawowa suna ta haƙuri. Da abin ya tsaya ya daina ɓacewa, surukin nawa ya zo ya ce mata hannunsa ya daina kaiwa. Ta tambaye shi wa ya hana, ya ce na'ura ce. Sunana bai fito daga bakinsa ba. Daga nan ne suka kwashe kifinsu.

Na tambayi zancen dillalin, amma muryata ta riga ta sauka. Ta ce, "Wannan ai kifina ne da ya lalace. Ya kai masa a lulluɓe a sayar wa masu haɗa abincin kaji, don kada kasuwa ta ji an ce kifin tsohuwa ya yi ƙwari." Ta miƙo mini karfasa mai zafi a kan faifai ta ce in ci. Na ci, na kuma jawo furar na sha.

A kwale-kwalen dawowa ban san wanne ya fi yawa a cikina ba, sanyi ko haushi. Sanyin dai na ji shi har ƙafata: 'yata ba a hannun macuci take ba. Na yi hamdala a fili har mai tuƙi ya waiwayo. Haushin kuma bai tafi ba, har yau da saura. Mutumin da yake tsayar da ni a gaban aji ya ce akwai gyara, shi ne ya zuba ido ina masifa da mutanen Kano, ina zargin maƙwabta, ina ramewa, don kawai an shafa fatiha. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ni ma ta ishe ni, na sani, amma ai ni ce babba, shi ya kamata ya fara.

Na zauna na sake modul ɗin. Na cire lambar kwalaye gaba ɗaya, mai saye ya ga akwai kawai, in babu kusurwar ta ɓuya. Sunaye ma na cire, kowace mace ta zaɓi alamarta, tsohuwa ta ce a sa mata ƙwarya. Sunan ƙauye kaɗai na bari. Har gobe ina nan a kan cewa laima ce, amma kifin nasu ne, ba nawa ba. Na sabunta rajistar, lamba ta tsaya a ɗaya, na maido da makullinsa. Na ce wa yarinyar, "Ki ce masa ƙofarsa a buɗe take." Ta ce wace ƙofa? Na ce ke dai ki faɗa.

Washegari tun kafin in ɗora ruwan shayi na buɗe tarihin. Ya shiga bayan asuba. Ya duba, ya fita, bai taɓa komai ba. Kifi ya fara dawowa a hankali, na tsohuwa a ƙarshe, don ita sai da aka sha lallashi.

Yarinyar ta zo gida ta haihu lafiya. Babban baffanta ya zo barka, ya ja ni gefe ya ce, "Wace magana ce kika ce za mu zauna a kai?" Na ce maganar ranar komawarta ce, kada a wuce arba'in, mijinta yana jira. Ya dube ni kamar bai gamsu ba, ya ce to Allah Ya kai mu.

Bayan suna shi ma ya zo ya durƙusa a bayan labule. Muka gaisa yadda muka saba. Har ya yunƙura zai tashi, na ce, ina kallon bango, "In an ga gyara a riƙa faɗa." Ya ƙarasa miƙewa. Sannan ya ce, "To, Umma," ya fita. Na ce oho, an yi asarar yawu.

Da safe mai jego tana shan kunun kanwa wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta ɗago tana ƙunshe dariya. "Yaya, wai ya ce in ce miki nan fa akwai gyara. Wai sunan ƙauyen ma a cire, don a garin Goggo ita kaɗai ce mai bandar gaiwa, kowa zai gane ta." Na ce, "Ji ɗan rainin hankali! Sai yanzu bakin nasa ya buɗe?" Na juya baya kamar ina neman ludayi, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so ta gani. Na ce ta ce masa ya shiga ya gyara da kansa, ai ya san hanya, ya kuma san lokaci.

Washegari bayan asuba ya shiga ya cire sunan ƙauyen, lambar kuwa ya bar mini ita a ɗaya.